GOV.UK: Yadda Birtaniya ta tattara shafukan gwamnatinta a rumfa guda

GOV.UK shi ne shafin intanet na gwamnatin Birtaniya, wanda aka buɗe wa jama'a ranar 17 ga Oktoba, 2012. A nan ne mutumin ƙasar yake sabunta fasfo, ya biya harajin mota, ya yi rajistar zaɓe ko ya yi wa kamfaninsa rajista. A nan ne kuma ɗan Najeriya mai neman bizar karatu, jinya ko kasuwanci yake fara cike takardunsa.

Masu tsara shafukan manyan ma'aikatu da kamfanoni suna yawan kafa misali da shi, domin ya tunkari matsalar da ke addabar kowace babbar hukuma: ofisoshi barkatai, kowanne da abin da yake son faɗa, alhali mutumin da ya shigo shafin abu ɗaya ne ya kawo shi. Tarihinsa ya nuna cewa babban aikin shafin hukuma yana ga tantance wanda ake rubutawa dominsa, da wanda ke da ikon wallafawa, da wanda ke da alhakin goge abin da ya tsufa.

Halin da ake ciki kafin 2012

Kafin zuwan GOV.UK, kusan kowace ma'aikata da hukuma a Birtaniya tana da shafinta, da tambarinta, da kamfanin da ta ba kwangilar gina shi. Shafukan sun kai ɗaruruwa. Akwai manya guda biyu da aka yi domin rage wannan rarrabuwa, wato Directgov da aka buɗe a 2004 domin ɗaiɗaikun jama'a, da Business Link na 'yan kasuwa, amma ba su hana ma'aikatu ci gaba da wallafa nasu bayanan ba.

Sakamakon haka, sai a iske bayani ɗaya a wurare uku ko huɗu, an sabunta wani an manta da wani. Mai neman amsa kuma sai ya fara sanin wace ma'aikata ce ke da alhakin matsalarsa kafin ya san inda zai nufa. Wanda bai san tsarin gwamnati ba, sai ya koma ga buga waya ko zuwa ofis, abin da ke cin kuɗin gwamnati da lokacin jama'a.

A shekarar 2010, Ministan Ofishin Majalisar Ministoci, Francis Maude, ya nemi Martha Lane Fox, wadda tana cikin waɗanda suka kafa kamfanin lastminute.com, ta duba Directgov ta ba da shawara. A rahoton da ta miƙa a watan Oktoba na shekarar, ta ce kwaskwarima ba za ta wadatar ba. Ta nemi a mayar da wallafe-wallafen gwamnatin tsakiya ƙarƙashin adireshi guda, a kuma kafa tawaga ɗaya mai cikakken iko a kan yadda shafin zai kasance ga mai amfani da shi, ko da wata ma'aikata ba ta so.

Daga wannan shawara aka kafa hukumar da ake kira GDS a 2011, mai kula da ayyukan gwamnati na intanet, aka naɗa Mike Bracken, tsohon jami'in jaridar Guardian, ya shugabance ta.

Yadda aka yi ƙaurar

Ba a wayi gari an buɗe shafin gaba ɗaya ba. A watan Mayun 2011 wata ƙaramar tawaga ta fitar da samfurin gwaji, aka bar jama'a su shiga su faɗi aibinsa. A ƙarshen Janairun 2012 aka fitar da gwaji na biyu, sannan a watan Oktoba aka rufe Directgov da Business Link, GOV.UK ya maye gurbinsu.

Bayan nan aka shiga kwaso ma'aikatu. Zuwa farkon Mayun 2013, dukkan ma'aikatu 24 da ministoci ke jagoranta sun koma sabon shafin. Zuwa Disambar 2014, hukumomi sama da 300 sun bi sahu, aka rufe ɗaruruwan tsofaffin adireshi.

Abu biyu aka kula da su a wannan ƙaura, waɗanda hukumomi da yawa kan yi sakaci da su idan za su sauya shafi. Na farko, ba a bar tsofaffin adireshi sun mutu ba. An juya akalar sama da miliyan ɗaya daga cikinsu, ta yadda wanda ya latsa tsohon adireshi da ya gani a takarda ko a Google zai tsinci kansa a sabon shafin da ke ɗauke da amsar. Na biyu, abin da ba a kwaso ba an adana shi a rumbun Hukumar Adana Kayan Tarihi ta ƙasar, inda mai bincike ko lauya zai iya ganin yadda shafin yake a da.

Ba komai aka kwaso ba kuwa. An zubar da tarin rubuce-rubucen da aka ga ba aikin gwamnati ba ne, ko babu mai nemansu. Hausawa na cewa idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma shafin da ya cika da abin da ba a buƙata yakan binne wanda ake buƙata.

Ya kamata a sani cewa GOV.UK bai haɗiye komai ba. Hukumar lafiya ta NHS tana da shafinta, haka ma gwamnatocin Scotland da Wales da Ireland ta Arewa, da ƙananan hukumomi.

Buƙatar mai shigowa ce ke gaba

GDS ta wallafa ƙa'idoji goma na tsara ayyukanta a 2012, kuma ta farkonsu ita ce a fara da buƙatar mai amfani da shafin. A aikace, kafin a buɗe sabon shafi sai an rubuta amsar tambayoyi uku: wane ne mai nema, me yake son yi, kuma don me. Misali, ɗan kasuwa yana son sanin kason harajin VAT domin ya sa wa kayansa farashi daidai. Idan ma'aikata ta kasa nuna cewa akwai masu irin wannan buƙata, ta hanyar alƙaluman abin da mutane ke nema a intanet ko tambayoyin da ake yawan yi a waya, ba a amince da shafin.

Wannan ne ya sa shafin harajin VAT yake fara nuna kason da ake biya, wato kashi 20 cikin 100, kafin duk wani ƙarin bayani. Haka ma shafin ranakun hutu yake fara nuna ranar hutu mai zuwa da manyan baƙaƙe, domin akasarin masu shigowa ita suke nema. Tarihin dokar da jawabin minista suna can wani sashe ga mai sha'awa.

An kuma jera bayanai bisa al'amuran rayuwa: haihuwa da aure da mutuwa, tuƙi da sufuri, kuɗi da haraji, biza da shige da fice, kasuwanci, da sauransu. Akwai lamuran da suka ratsa hukumomi da dama, kamar koyon tuƙin mota, inda hukuma ɗaya ke ba da lasisi, wata kuma ke shirya jarrabawa. Irin waɗannan an tsara su mataki-mataki a shafi ɗaya, kuma mai nema zai kammala ba tare da ya damu da sanin hukumar da ke bayan kowane mataki ba.

Akwai lissafin kuɗi a bayan wannan tsari. Wani rahoton gwamnatin na Nuwambar 2012 ya ƙiyasta cewa hidimar da aka yi ta intanet tana iya fin ta waya araha sau 20, ta fi ta gidan waya sau 30, ta kuma fi ta gaba da gaba sau 50. Duk mutumin da ya kasa fahimtar shafi ya ɗauki waya, gwamnati ce ke biyan kuɗin ruɗewarsa.

Salon rubutu

GOV.UK yana da kundin salon rubutu irin wanda gidajen jarida ke amfani da shi, kuma ya hau kan kowace ma'aikata. Sarah Richards, wadda ta jagoranci sashen rubutu a shekarun farko, tana cikin waɗanda suka mayar da tsara bayani sana'a mai zaman kanta, dabam da aikin mai zane da na mai haɗa manhaja.

Kundin ya nemi a yi rubutu da Turanci mai sauƙi, a taƙaita jimloli, a sake duba duk wadda ta wuce kalma 25, a kuma sa muhimmin bayani a farko. Ya nemi a yi amfani da kalmar da jama'a ke rubutawa idan suna bincike, ko da ba ita ce ke cikin doka ba. Yana da jerin kalmomin ofis da aka ce a guje musu. Kalmar Turanci mai ma'anar mabuɗi, wadda jami'ai ke son liƙa wa duk abin da suke ganin yana da muhimmanci, an ce a bar ta sai idan da gaske tana buɗe wani abu.

Kundin bai yarda da shafin "tambayoyin da ake yawan yi" ba, bisa hujjar cewa idan ana yawan yin tambaya, to ainihin shafin ne bai amsa ta ba, kuma shi ya kamata a gyara. Haka kuma, tun 2018 hukumar ta ƙara matsa wa ma'aikatu su riƙa wallafa bayani a matsayin shafi na yau da kullum maimakon takardar PDF. Dalilanta su ne PDF yana da wahalar karantawa a waya, yana wahalar da makafi, kuma da zarar mutum ya sauke shi ba zai san an sauya abin da ke ciki ba.

Wa ke da ikon wallafawa

Nan ne gizo ke saƙa a kowace babbar hukuma. Idan aka bar kowa ya wallafa abin da ya ga dama, shafi zai zama juji. Idan kuma aka ce komai sai ya bi ta ofis ɗaya, aiki zai tsaya. GOV.UK ya raba aikin gida biyu.

Shafukan da jama'a suka fi ziyarta, irin su fasfo, fansho da tallafin yara, marubutan GDS ne ke rubuta su. Ƙwararrun ma'aikatar da abin ya shafa sukan duba ingancin bayanin, amma ba su da ikon mayar da shi yaren ofis. Sauran wallafe-wallafe kuma, kamar sanarwa, rahotanni, alƙaluma da jagorori na masu sana'a ta musamman, editocin kowace ma'aikata ne ke sa su ta wata manhajar wallafa da ake kira Whitehall, bayan sun samu horo. Ƙa'ida ce wani edita na biyu ya karanta rubutu kafin ya fita.

Manhajar ba ta ba edita damar sauya launi ko tsarin shafi. Abin da zai yi shi ne ya zaɓi nau'in abin da zai wallafa, ko labari ne, ko jagora, ko neman jin ra'ayin jama'a, ya cike guraben da aka tanada. Wannan ne ya sa shafin Ma'aikatar Tsaro da na Ma'aikatar Ilimi suke da kamanni ɗaya, kuma wanda ya iya amfani da ɗaya ya iya da ɗayan.

Wallafe-wallafen ma'aikatu suna ɗauke da ranar da aka fitar da su, da ranar gyara ta ƙarshe, da taƙaitaccen bayanin abin da aka sauya. Mutum na iya neman a aiko masa da saƙon imel duk lokacin da aka taɓa shafin da ya shafe shi. Jagoran da ya daina aiki akan liƙa masa sanarwar cewa an janye shi. Tun lokacin zaɓen 2015 kuma, labarai da jawaban tsohuwar gwamnati ana yi musu alamar cewa a zamanin gwamnati kaza aka wallafa su, domin kada a ɗauke su a matsayin manufar mai ci.

Zane da kamanni

Wanda ya fara ganin GOV.UK zai iya cewa ba a gama shi ba: farin fili, baƙin rubutu, hotuna ƙalilan, babu hoton shugaba a goshin shafi. Da gangan aka yi haka, ƙarƙashin jagorancin Ben Terrett. Shafi marar nauyi yana saurin buɗewa a tsohuwar waya da inda sabis ba shi da ƙarfi, kuma ba ya cin data. An samo salon haruffansa ne daga wanda Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana wa allunan hanyoyin Birtaniya tun ƙarshen shekarun 1950, waɗanda aka yi domin direba ya karanta da kallo ɗaya.

A wajen cike fom, ƙa'idar ita ce a fara da tambaya ɗaya a kowane shafi, maimakon a zube wa mutum gurabe talatin a lokaci guda. Amsar da ya bayar ita ke tantance tambayar da za ta biyo baya, don haka ba a tambayarsa abin da bai shafe shi ba.

A 2013 Gidan Tarihin Zane na Landan ya ba GOV.UK kyautar zane mafi fice na shekara, inda ya doke gine-gine da kayan ƙawa. A 2018 aka tattara maɓallai, gurabe da sauran sassan shafi a kundi guda da kowace ma'aikata ke ɗauka, maimakon ta biya a sake ƙirƙiro su. Akasarin lambobin da aka gina shafin da su a buɗe suke a dandalin GitHub, kowa na iya dubawa ko ya kwafa.

Masu buƙata ta musamman

Ɗan kasuwa na iya zaɓar abokan cinikinsa, amma gwamnati ba ta da wannan zaɓi. Wata doka ta 2018 ta wajabta wa hukumomin gwamnatin Birtaniya su sa shafukansu su dace da mizanin WCAG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta shimfiɗa. Mizanin ya ƙunshi a rubuta bayanin kowane hoto domin manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, a bambanta launin rubutu da na bango sosai, a sa rubutaccen bayani a bidiyo saboda kurame, kuma mutum ya iya zagaya shafi da allon rubutu kaɗai. Wasu shafuka da hidimomi kuma ana samun su da harshen Welsh.

Inda aka yi tuntuɓe

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Bayan ƙaurar, masu sana'o'i irin su akantoci da lauyoyi sun koka cewa cikakkun bayanan da suka saba samu a tsofaffin shafuka sun yi wuyar ganowa. Yawan shafukan ma ya ci gaba da hauhawa har ya haura 500,000, abin da ya nuna cewa tattara komai a adireshi guda bai hana ma'aikatu son yawan wallafa ba.

A watan Maris na 2015, an jingine wani sashe na sabon tsarin biyan tallafin manoma ta intanet, aka koma ga fom na takarda. A daren 7 ga Yuni, 2016, shafin rajistar zaɓe ya tsaya saboda cunkoso ana dab da rufe rajistar ƙuri'ar raba-gardama kan ficewa daga Tarayyar Turai, har sai da aka ƙara wa'adin da awa 48.

Mafi girman koma-baya shi ne Verify, tsarin tantance mutum ta intanet. An yi hasashen mutum miliyan 25 za su yi rajista zuwa 2020, amma Ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar ya gano cewa miliyan 3.6 ne kacal suka yi zuwa Fabrairun 2019. An rufe shi a 2023, aka maye gurbinsa da One Login. Waɗannan matsaloli sun nuna cewa gyara fuskar shafi ya fi sauƙi a kan gyara tsofaffin kwamfutoci da hanyoyin aiki da ke bayansa.

Tasirinsa a wasu ƙasashe

A Amurka, shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov ya gaza ɗaukar jama'a lokacin da aka buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 2013. A shekarar da ta biyo baya gwamnatin Barack Obama ta kafa tawagogi biyu, 18F da USDS, waɗanda suka ɗauki darasi daga GDS. Ostireliya ta kafa irin nata ofishin a 2015. Kanada kuma ta ɗauki lambobin Notify, manhajar da GOV.UK ke aika saƙonnin tes da imel da ita, ta gina tata a kai.

Abin da ya shafi mai karatu a Najeriya

Mai shirin tafiya Birtaniya zai iske wani shafi a GOV.UK da zai yi masa 'yan tambayoyi, kamar ƙasarsa da dalilin tafiyarsa, sannan ya faɗa masa irin bizar da ta dace da shi da takardun da ake nema. Kuɗin biza ma a rubuce yake, don haka mutum na iya gwada shi da abin da ejan ya faɗa masa. Ɗan kasuwar da wani kamfanin Birtaniya ya tuntuɓa zai iya bincika sunansa kyauta a rajistar Companies House, ya ga ranar da aka kafa shi, da daraktocinsa, da ko yana nan da rai. Mai fitar da kaya irin su riɗi ko citta zai iya duba lambar kayansa da harajin shigar da su a jadawalin kwastan na ƙasar.

Adireshi guda yana kuma taimakawa wajen gane 'yan damfara. Birtaniya ta sha fama da shafukan bogi masu kwaikwayon na gwamnati suna karɓar ƙarin kuɗi a kan fasfo da lasisin tuƙi. Abin dubawa shi ne ainihin sunan shafin ya ƙare da gov.uk kafin layin karkace na farko. A Najeriya, makamancinsa shi ne gov.ng, wanda hukumar NITDA ke kula da ba da shi ga ma'aikatu da hukumomi, sai dai kowace ma'aikata ita ke tafiyar da shafinta.

Ga ma'aikacin da aka ɗora wa kula da shafin ofishinsu, akwai abubuwan da za a iya ɗauka daga wannan tsari ba tare da sabuwar kwangila ba: a san tambayoyi goma da jama'a suka fi zuwa da su a sa amsarsu a gaba, a rubuta sunan jami'in da ke da alhakin kowane shafi, a sa ranar gyara, a sauke sanarwar da wa'adinta ya wuce, a kuma tabbatar sunan shafin da kalmomin sirrinsa suna hannun hukuma, ba a hannun ɗan kwangila ba.

A Fabrairun 2024 an sauya kambin da ke tambarin GOV.UK zuwa wanda Sarki Charles III ya zaɓa. A shekarar ce kuma, bayan zaɓen watan Yuli, aka mayar da GDS daga Ofishin Majalisar Ministoci zuwa Ma'aikatar Kimiyya, Ƙirƙira da Fasaha.